Shekarar da Na Kai Inna Kasuwa

Tun ranar Lahadin da na je Rillieux, can bayan garin Lyon, wurin Rakiya ban ƙara iya zama wuri ɗaya ba. In na zauna a shago sai in miƙe, in na fita bakin titi sai in ga ban san inda na nufa ba. Jiya na taka daga unguwarmu ta Guillotière har bakin kogi na dawo sau biyu, da gwiwoyin nan nawa da kuka sani, har mahaucin da ke kusa da mu ya tambaye ni ko wani abu na yar. Abin da ya hana ni sukuni takarda ce guda. Rakiya ta tsinto ta a ƙasan akwatina lokacin da kuke kwashe kayan uwarku bayan rasuwarta, ta kai an ƙara mata girma, ta sa ta cikin gilashi ta rataye a falonta. Hoton wata tsohuwa ne, kanta ba ɗankwali, idanunta fari fat, a ƙasa an rubuta da Faransanci cewa shekarunta ɗari da talatin. 'Yar Rakiya kuma ta tare ni da murna, wai ta gaya wa 'yan ajinsu a lekol, wato makaranta, cewa kakar uwarta ce, malamarsu ta ce ta kawo hoton kowa ya gani. Na yi dariya, na shafa kanta, na sha shayin da aka ba ni. Ƙarya ta daɗe a bakina, ba ta yi mini wuya ko a gaban jika.

To, Sani da Hadiza da Rakiya, ku gyara zama. Da na ce zan rubuta muku tarihina kun ɗauka labarin yadda na sauka ƙasar nan da jaka guda zan ƙara ba ku, wanda kuka haddace har kuna ƙarasa mini shi in tari ya tsayar da ni. Wannan babin daban ne. Tsohuwar da ke cikin hoton ba kakarku ba ce, ba ta kai shekara ɗari da talatin ba, ba ta ma kama hanya ba. Ni na ƙaga shekarun da bakina. Kun kuma sha tambayata me ya sa uwarku Mariyama har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan Rakiya ba, sai dai ta ce mata Inna, alhali ba ita ce 'yar fari ba balle a ce kunya ce. Nakan ce muku halin uwarku ne. Ba hali ba ne, amsar tana cikin shekarar da aka haifi Rakiya.

A gidanmu na ƙauye, can ƙasar Adar, aka haifi tsohuwar nan. Kakana ne ya sayi uwarta. A takarda an daɗe da hana bauta kafin a haife ni, amma ba a karanta takarda a gidanmu, kuma babu wanda ya je ya gaya wa matar da ke daka mana hatsi. Ita ta goya ni. Ita ke ɓoye ni bayan rumbu in babana ya ɗauko dorina, ita ke ajiye mini ƙanzon tuwo cikin ƙoƙo. Mukan ce mata Inna in muna son fura, amma sunan da gidan ya sa mata shi ne Kullum-Safiya. Ku da kuka tashi nan ba ku san irin wannan sunan ba, gara da ba ku sani ba. Sunan bayi ne, kuma rabi ne. Mai gida ya faɗi rabin farko, bawa ya cika sauran. In aka ce Kullum-Safiya, ba ta cewa na'am kamar sauran mutane, sai ta ce, ina godiya. Ko tana tsakiyar daka, ko zazzaɓi ya kwantar da ita, ko yanzu aka gama zaginta. Muna yara mukan ɓuya bayan katanga mu kira ta sau goma a jere don mu ji ta amsa sau goma, muna ta kyakyata dariya. Ba ta taɓa ƙin amsawa ba. Shekarunta kuwa ba ɓoyayyu ba ne, sa'ar gwaggona ce, tare suka yi wasan ƙasa. A shekarar da nake ba ku labari ba ta wuce saba'in da 'yan kai ba.

Da babana ya rasu gida ya watse, kowa ya kwashi rabonsa. Ita ba a raba ta ba don ba mai so, ta tsufa, yanar ido ta rufe mata idanu biyu. Wasiƙa ta zo mana Lyon cewa tana zaune a wani ɗaki da rufinsa ya zube, maƙwabta ke miƙa mata abin da ya ragu. Uwarku ce ta ce a kawo ta. Ina so ku riƙe wannan, don daga baya ni ne na yi ta yawo ina karɓar yabo a masallaci, ana cewa Isuhu ɗan halak ne, bai manta wadda ta goya shi ba. Uwarku ta bi ofis-ofis da ƙaramin ciki har ta samo takardun, ni dai filin jirgi na je na ɗauko. Muka kai ta wurin lokotoron ido, wato likita, wani dattijo mai sanƙo mai magana a hankali. Ya haska, ya auna, ya ce yanar ba komai ba ce, cire ta ba wuya. Amma akwai abu na biyu, ruwan cikin idon ya hau, yana danne jijiyar gani. Ya ba mu maganin ɗigawa, ya sa mana ranar aiki sati shida gaba, ya ɗaga yatsa ya ce kada mu kuskura mu wuce ta, in jijiyar ta mutu ba mai tashinta. Ni na fassara mata da bakina. Ta ce in tambaye shi ko za ta iya zura zare a allura. Ya dubi cikin uwarku ya ce har fuskar jaririn da ke tafe za ta gani.

Ba ta son zama gida, shirun gidajen nan yana ba ta tsoro, sai nake tafiya da ita shago. Lokacin shagona bai kai rabin na yanzu ba, atamfa da shadda da turare, sai 'yar tabarma a baya inda take zama tana ɓarar gyaɗa. Nan Mushe Gaston ya same mu. Bature ne jibgege mai jan wuya, ya taɓa tuƙa manyan motoci tsakanin Tawa da Agadas yana saurayi, ya dawo da Hausar da ba ta wuce kalma ashirin ba, rabinta zagi. Sana'arsa kafa rumfa a bukukuwan baje koli, ya kira ta ƙauyen Afirka, ya zuba makaɗa da dukawa da masu sayar da kaya, mutane su yanki tikiti su shiga kallo. Ya zo ne ya yi mini tayin wurin baza atamfa. Muna cikin magana ya hango ta, ya tambaya ko uwata ce. Da na ce e, ko na ce gwaggona ce, da magana ta mutu nan. Amma ni mutum ne mai son a ga na iya, kun san halina. Na ce masa ya tsaya ya ga wani abu. Na juya na kira.

"Kullum-Safiya."

"Ina godiya," in ji ta, hannunta bai bar gyaɗar ba.

Ya ce in sake. Na sake. Sai ya gwada da kansa, da karkataccen harshensa. Ta karkato kunne wajena, da ta ji ban ce komai ba ta amsa masa shi ma. Na ga wuyansa ya ƙara ja.

Kafin ya sha rabin kofin shayin da na ba shi ya gama ɗinka labarin. Za a ce baiwa ce ta ƙarshe da ta rage a duniya, ita ta shayar da wani sarki da ya yaƙi Faransawa, da idonta ta ga Baturen farko ya shigo ƙasarmu bisa doki. Ya ce shekara ɗari da ashirin. Ni Isuhu, ɗan kasuwa jikan ɗan kasuwa, ban iya jin an yi tayi in bar shi yadda yake ba, na ce ɗari da talatin. Ya bugi tebur yana dariya, ya ce shi ya sa yake son Hausawa. Kada wani cikinku ya ce talauci ne ya sa ni. Muna ci muna sha, ba wanda ke ƙwanƙwasa mana ƙofa. Shago na biyu nake so a Château Rouge, kusa da manyan 'yan kasuwar da in na je Paris sarin kaya suke miƙa mini hannu ba tare da sun dube ni ba. Wannan kaɗai ne dalilin. Na yi shekara talatin da wani abu ina juya shi, ban samo wani mai kyau a ƙarƙashinsa ba.

Baje kolin Paris kwana goma ne, kuma ranar aikin ido ta faɗa tsakiyarsa. Na ce wa Gaston sai dai mu jira wani bayan an yi aikin. Ya dube ni kamar na ce zan wanke atamfa kafin in sayar.

"Abokina, farin idon nan shi ne rabin shekarunta. In ta fara gani tsohuwa ce kawai, akwai irinta a kowane benci na Lyon."

Na yi kwana biyu ina kai da kawowa. Ba don ban san daidai ba, ina neman yadda zan bar daidai ne ba tare da ya dame ni ba. Rana ta uku na shiga ɗan ɗakin tarho na bakin titi, na kira asibiti na ce tsohuwa mura take yi, a ɗaga. Matar da ta ɗauka ta ce lokotoro ya rubuta a kan takardar kada a ɗaga. Na ce ai sati uku ne kawai. A gida na ce asibiti ne suka ɗaga, lokotoro ya yi tafiya. Uwarku tana yanka albasa, ba ta ɗago ba.

"Malam, lokotoron da ya ɗaga muna yatsa shi ne yat tahi yawo?"

"Ke kin san Turawa da hutu."

"To, Paris ɗin hwa, mi za ta yi can?"

"Mutane ne ke son gaishe ta. Sun ji labarin tsohuwa ta zo daga ƙasarmu. Girmamawa ce."

"Allah shi sa," ta ce, ta ci gaba da yankan albasarta.

Abin da na gaya wa Inna ke nan ita ma, masu gaisuwa ne. Ta ce to. Ta tambaya ko da nisa, na ce jirgin ƙasa ne, kafin ta gaji mun isa. Ta ɗaure 'yan kayanta a zane.

Ban taɓa sayar da kaya kamar a kwanakin nan goma ba, kuma babu kwanakin da nake ƙin tunawa kamarsu. A ƙarshen rumfar Gaston ya kewaye wani ɗan ɗaki da zana, ya ɗora kujera bisa dakali, ya shimfiɗa fatar da ya ce ta damisa ce. Ya ce a cire mata ɗankwali don a ga furfura. Matar da tun da na buɗe ido ban taɓa ganin kanta a buɗe ba, ni na sa hannu na kwance mata, na ce zafi ake yi a ciki. Mutane suna shiga goma-goma. Gaston ya riƙe lasifika ya ba su labarin sarki da doki, ya koya musu kiran sau uku, sannan ya ce su gwada. Tun daga hantsi har a rufe ƙofa kiran nan bai yanke ba, manya da yara, wasu da dariya, wasu a hankali kamar suna addu'a. Tana amsawa. Kafin la'asar muryarta ta dishe, sai Gaston ya kai lasifikar bakinta. Ana taɓa hannunta, ana murza fatar, ana latsa dantsenta. Wani mai gilashi ya ce shi likitan haƙori ne, ya ɗaga leɓenta da babban yatsa ya leƙa, ya juya ya gaya wa jama'a lalle ta haura ɗari. Ni ina taku biyar daga nan ina auna shadda, ina jin kowane ina godiya yana ratso zanar. Maganin ɗigawar kuwa a Lyon na baro shi bisa taga, ban tuna ba sai rana ta shida.

A Château Rouge muka sauka, gidan Alhaji Mamman, wani dattijo mutumin Damagaram mai sayar da shadda, ɗaya daga cikin mutanen da nake son su san da ni. Kwana huɗun farko tare muke cin tuwo. Rana ta biyar ya dawo daga metiro, jirgin da ke bi ƙarƙashin ƙasa, da takardar tallan nan a naɗe, ita ce ke falon Rakiya yanzu. Ya ajiye ta kusa da kwanona, ya ɗauki nasa kwanon ya koma bakin ƙofar ɗakin da Inna take, ya zauna ƙasa yana ci yana tambayarta labarin daminar Adar. Ni na ci nawa ni kaɗai, kuma na cinye. Wannan ma ku sa shi cikin abin da kuka sani game da ubanku.

Da muka dawo na yi niyyar kai ta asibiti, wallahi na yi. Amma Gaston ya riga ya buga takardun baje kolin Lyon, wata ɗaya gaba, tsakiyar sanyi. Na sake shiga ɗakin tarhon nan. Karo na biyu ya fi sauƙi, ko gumi ban yi ba. Sai dai Lyon ba Paris ba ce. Nan an san mu, kuma mai liƙa takardu bai san unguwar da ya kamata ya tsallake ba. Ya liƙa ɗaya a bangon da ke kallon shagon da uwarku ke sayen nama.

Rana ta uku da buɗewa, da hantsi, na ɗaga kai daga shaddar da nake aunawa na hango ta cikin layi. Cikin ya yi wata bakwai, ta sa babbar rigar sanyina don tata ta daina rufuwa, tikiti a hannunta, ta yanka kamar kowa. Ba ta dubi inda nake ba. Na bar mai saye a tsaye na bi bayansu na tsaya bakin zanar. Gaston bai san ta ba. Ya ba da labarinsa, ya koya musu kiran, suka yi ta yi. Da aka zo kanta ya miƙa mata lasifika yana murmushi, a ganinsa ya samu 'yar ƙasa da za ta faɗa daidai. Ta kauce wa hannunsa, ta hau dakalin da ƙyar, ta durƙusa da wannan cikin har ƙasa.

"Inna, ina kwana? Kin tashi lahiya? Ya sanyi?"

"Mariyama? Ke ce? Mi ya kawo ki da nauyin nan?"

"Na zo mu tahi gida."

Uwarku ta cire mayafinta ta rufa wa Inna a kai, ta kama hannunta ta tashe ta. Suka sauko, suka nufi ƙofa a hankali, mai ciki tana jan makauniya, mutane suna buɗa musu hanya. Gaston ya rufe lasifikar da tafin hannu, ya matso kusa da ni ya ce in yi wani abu, akwai layi har waje. Ina so in rubuta cewa na ture shi na bi matata. Na ɗauki alƙalami na ajiye ya fi a ƙirga a kan wannan wurin. Abin da na yi shi ne na buɗe baki, da muryar babana, wadda ban san ina da ita ba sai ranar.

"Kullum-Safiya."

Inna ta tsaya cak. Uwarku ta ja hannunta, ba ta motsa ba. Ta juyo da fararen idanunta wajen muryata.

"Ina godiya," ta ce.

Ta zare hannunta daga na uwarku, ta laluba zanar da yatsu ta koma, ta hau ta zauna. Turawa suka yi tafi, sun ɗauka cikin wasan ne. Uwarku ta dube ni sau ɗaya, ta fita cikin sanyin nan kai ba mayafi. Na sha zagi a rayuwata, na sha mari a kan iyakar ƙasa, ban taɓa jin abin da ya yi mini zafi kamar wannan tafin ba. Duk da haka sai da muka kai yamma.

Washegari da safe na shiga ɗakin Inna in ce ta shirya. Na tarar ta riga ta shirya, tana zaune bakin gado, ta cire ɗankwalin da kanta ta ninke shi bisa cinya. Na zauna ƙasa. Na fara yi mata irin maganata, masu gaisuwa sun kusa ƙarewa, saura kwana huɗu ta huta. Ta bar ni na gama.

"Isuhu, ni makauniya ce, ba wawiya ba."

"Inna, ai ban ce..."

"Mai gaisuwa ba ya buɗa bakin mutum shi duba haƙora. Uwata ta hwaɗa mini yadda anka yi mata ranar da kakanka ya saye ta. Haƙora, da tahin hannu, da tsokar dantse. Tun ranar farko can Paris na gane kasuwa ce."

"To don mi ba ki ce komi ba? Don mi kinka koma jiya?"

"Kai ka kira."

"Da kin ƙi."

"Ban san yadda ake ƙi ba. Ba wanda ya koya mini." Ta shafa ɗankwalin da ke cinyarta. "Abu guda nika so in tambaye ka. Hasken taga da nika gani da wanga ido in na tashi da sahe, ya yi kwana goma ban gan shi ba. An canza mini ɗaki ne?"

Ba a canza mata ɗaki ba. Tagar tana gabanta, rana ta cika ta.

Ko takalmi ban sa daidai ba na ɗauke ta a taksi. Ba ranar da aka sa mana ba ce, na zauna bakin ƙofar lokotoron na ce ba inda za ni. Da azahar ya gan mu. Ya haska na dama, ya haska na hagu, ya sake, ya kashe fitilar ya ajiye. Ya ce zai iya cire yanar in muna so, amma babu abin da ya rage a bayanta. Sannan ya ciro takardarta ya karanta a fili, mura, sai kuma mura, ya tambaye ni wace irin mura ce ke yin wata biyu da rabi. Bai jira amsa ba, ya ce in fassara mata. Na kasa. Ta ce ba sai na fassara ba, ta ji yadda ya ajiye fitilar.

Ban koma rumfar ba, kayana ma can na bar su. Gaston ya zo shago sau biyu yana kumfar baki. Na uku ya zo a sanyaye da shawara, wai in ta mutu a bar masa ita kwana guda, likitoci su auna ƙashinta a gaban jama'a su tabbatar da shekarun. Na ɗauki sandar awo na bi shi har bakin titi. Na daɗe ina ba kaina wannan labarin a matsayin jarumta, alhali ni na fara ce masa ya tsaya ya ga wani abu. Na ji daga baya ya samo wani tsoho daga wata ƙasa ya ba shi shekarun. Shagon Château Rouge kuwa ban buɗe ba. Alhaji Mamman bai gaya wa kowa ba, ni ne na kasa bin layinsu. A gida uwarku ta daina yi mini magana sai ta dole, ga abinci, ga ruwa, yara suna son takalma. Ita ke yi wa Inna wanka, ta shafa mata mai a ƙafa, ta yi mata kitso. Sukan rufe ƙofa, in ji suna dariya, in na shigo su yi shiru. Nakan zagaya falo, in fita, in dawo, in sake fita, kamar yadda nake yi yanzu. Sunan nan ba a ƙara faɗarsa a gidanmu ba.

Wata biyu bayan haka uwarku ta haihu. Na riga na yanke sunan mahaifiyata zan sa. Ana gobe suna na shiga ɗakin mai jego in gaya mata. Tana shayarwa, ba ta bari na fara ba.

"Sunan ɗiyar Rakiya."

"Wace Rakiya? Ba mu da Rakiya, ko wajenku ko wajenmu."

"Muna da ita. Wadda ka kai kasuwa."

Ta gyara wa jaririyar kwanciya, ta ci gaba.

"Sunan da uwarta ta raɗa mata ke nan, kahin kakanka shi sa mata nashi. Na tambaye ta ina yi mata wanka. Kai shekara arba'in kana cin tuwon hannunta ba ka taɓa tambaya ba."

Sa suna haƙƙin uba ne, amma ban ga bakin da zan faɗi haka da shi ba.

Da safe maza suka cika falo, mata suka cika ɗaki, gidan ƙarami ne, an bar ƙofa a buɗe don iska. Na raɗa wa liman sunan a kunne. Ya yi huɗuba, ya ɗaga murya don na ciki su ji, ya ce sunan jaririya Rakiya. Daga ɗakin mata wata disasshiyar murya ta ce:

"Na'am."

Uwarku ba ta gaya wa Inna sunan da za a sa ba. Ta ji an kira ta ne, da sunan da rabonta da jinsa tun uwarta na da rai, ta amsa kamar kowane mutum. Matan da ke kusa da ita suka yi dariya, sun ɗauka tsufa ne. Maza suka ɗaga hannu ana fatiha, ni nawa suka ƙi ɗaguwa. Da aka watse na leƙa, na ga an ɗora mata jaririyar bisa cinya, tana bin fuskar da yatsu, goshi da hanci da baki, fuskar da lokotoro ya ce za ta gani.

Ta rasu kafin ki fara rarrafe, Rakiya. Shi ya sa uwarki ba ta taɓa kiran sunanki ba. Kunyar da ake yi wa sunan uwar miji ita ta yi wa wannan sunan har ƙarshen rayuwarta, kuma duk lokacin da ta ce miki Inna ina ji, ina sanin da wa take.

Ranar Lahadi zan zo. Ki sauko da gilashin, ki ba ni almakashi in yanke rubutun da ke ƙasa, ni na faɗe shi, ni zan cire shi. In 'yarki tana son zuwa lekol da labari, ta tafi da ni, in tsaya gaban ajin in faɗi na gaskiya, shekara saba'in da 'yan kai, da wanda ya hana ta gani. Hoton ki bar shi in kina so, mai sunanki ce. Amma kanta a buɗe yake, kuma ni na buɗe shi. Ki duba cikin kayan uwarki ki ciro mini ɗankwali guda.